Ƙwan Da Kaza Ba Ta Saka Ba

A 'yan shekarun nan labari ya iso mana cewa a Amurka da waɗansu ƙasashe ana sayar da wani irin ƙwai a cikin kwalba ko kwali, wanda babu kazar da ta saka shi, da wake a ke yinsa. In an zuba shi cikin kasko mai zafi sai ya kama jikinsa, a juya shi kamar yadda mai shayi ke juya wainar ƙwai. Duk majalisar da aka ta da wannan magana, na lura mutane su kan rabu uku. Waɗansu su yi dariya, su ce ƙoshi ne ya yi wa Turawa yawa. Waɗansu su ɓata rai, su ce shisshigi ne ga halittar Allah. Waɗansu kuwa ɗoki ya kama su, don kawai abin daga waje ya fito. A ganina duka ukun sun yi gaggawar yanke hukunci, gama alƙalin kirki ba ya yanke shari'a sai ya ji ta bakin kowa. To, bari mu bi maganar daki daki.

Da farko mu tambayi kanmu, wane aiki ƙwai ke yi a cikin girki? Aikinsa huɗu ne. Yana daskarewa in ya ji wuta. Yana haɗa gari ya hana shi wargajewa. Farinsa, in an buga shi, ya kan riƙe iska ya yi kumfa, shi ya sa kek ke tashi. Gwaiduwarsa kuma ta kan sulhunta mai da ruwa, waɗanda ba su ga maciji da juna, su zauna wuri guda su yi kauri. Haka a ke yin mayonis da mata ke zubawa a kwaɗon latas da kabeji. Duk wanda ya sami wani abu daga tsiro da zai yi ɗaya daga cikin ayyukan nan, ya sami madadin ƙwai ke nan ta wannan fuska.

In mai karatu ya duba da kyau, zai ga iyayenmu mata sun daɗe da sanin wannan ilmi, ko da ya ke ba su ba shi suna ba. Alale ƙullun wake ne, amma da ya ji tururi sai ya daskare. Ƙosai kuwa bugu ne ke sa shi tashi, don ƙullun wake yana riƙe iska kamar farin ƙwai. Ɗanwake kuma kuka ce ke kama shi don kada ya narke a tukunya. Dalili shi ne wake da ƙwai sun yi tarayya a abin nan mai gina jiki da likitoci ke kira furotin, shi ne kuwa wuta ke daskarar da shi.

A kan wannan hanya masu ƙwan kwalba suka bi. Wani Ba'amurke mai suna Josh Tetrick da abokinsa suka kafa kamfani a 2011, suka yi ta gwada irin tsirrai iri iri. Daga bisani suka tsaya a kan wani ɗan ƙaramin wake kore da a ke nomawa a Indiya da Sin, ana ce da shi mung. Suka tsamo furotin ɗinsa, suka gauraya da ruwa da man girki, suka sa kurkum da karas don launi, suka fito da shi kasuwa da sunan JUST Egg wajen 2018. Akwai kuma wata dabara da ba ta bukatar kamfani ko kaɗan. A 2014 wani mawaƙi Bafaranshe, Joël Roessel, ya gane cewa ruwan da aka dafa wake a ciki, musamman irin waken da Larabawa ke kira hummus, in an buga shi ya kan yi kumfa fara fat kamar farin ƙwai. Ruwan da a da a ke zubarwa, yau da shi a ke yin kayan zaƙi a gidaje da yawa. Mutanen Indiya ma suna da wani baƙin gishiri mai warin farar wuta, in an barbaɗa shi a abinci sai ka rantse da ƙwai a ciki.

To, me ya sa mutum zai bar ƙwai na gaske ya nemi na wake? Dalilan ba ɗaya ba ne, kuma kyautuwa ya yi a rarrabe su.

Na farko rashin lafiya. Akwai mutane, yawanci yara, da jikinsu ba ya karɓar ƙwai. Da sun ci sai borin jini ya taso musu, wani ma numfashinsa ya sarƙe har a kai shi asibiti. Abincin wani gubar wani.

Na biyu addini da al'ada. A Indiya akwai miliyoyin mutane da ba su cin nama ba su cin ƙwai, har hukuma ta sa a riƙa buga koren ɗigo a jikin kayan abincin da babu nama ko ƙwai a ciki, don mai saye ya gane. A Habasha kuma Kiristocin cocin ƙasar su kan bar nama da nono da ƙwai ranakun Laraba da Jumma'a, da kuma kwana 55 na babban azuminsu.

Na uku tsada. Murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Nijeriya a wata gonar kaji a Jaji cikin 2006, ta sa an hallaka kaji miliyoyi a Amurka daga 2022, har a watan Maris na 2025 ƙwai dozin ɗaya ya wuce dala 6 a can. Rashin uwa a kan yi uwar ɗaki.

Na huɗu shi ne wanda ya fi jawo gardama, watau tausayin dabba. A watan Nuwamba na 1944 wani Bature a Ingila, Donald Watson, da waɗansu abokansa suka kafa ƙungiya ta masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba, nama ne, ko nono, ko ƙwai, ko zuma, suka raɗa wa kansu suna bigan. Mutuminmu da ya saba ganin kaza tana kiwo a tsakar gida, ta shiga akurki da magariba, da wuya ya gane abin da ya dame su. Sai ya san yadda manyan gonakin kaji ke aiki. A can a kan cusa kaji cikin kejin waya, ba su iya ko buɗe fiffike, har ƙasashen Tarayyar Turai suka hana irin wannan ƙuntataccen keji a 2012. 'Yan tsaki maza kuwa, da ya ke ba su yin ƙwai kuma irinsu ba ya saurin ƙiba, a ƙasashe da yawa a kan kashe su ran da aka ƙyanƙyashe su, dubban miliyoyi kowace shekara. Jamus ta hana wannan daga farkon 2022. Wanda ya ga haka ya ce shi kam ya bar ƙwai, ko ba ka bi ra'ayinsa ba, ba ka ce masa mahaukaci ba.

Kada kuma a zaci Turawa suka fara wannan ra'ayi. Abul Ala'i al-Ma'arri, makahon mawaƙin nan na ƙasar Sham da ya rasu a 1057, ya yi shekaru masu yawa ba ya cin nama, ko nono, ko ƙwai, ko zuma, har wani babban malami daga Misra ya riƙa rubuto masa wasiƙu yana neman dalilinsa.

A nan tilas a yi magana a kan addini, gama shi ne ma'aunin Musulmi. Abin da muka koya a gaban malamai shi ne ƙwai halal ne, yanka dabba don ci halal ne, kuma babu mai ikon haramta abin da Allah ya halatta. Duk wanda ya ce cin ƙwai zunubi ne, ya wuce gona da iri, ba za mu bi shi ba. Amma barin wani abinci don rai bai so shi ba, ba tare da an haramta shi ba, wannan wani abu ne dabam. Ya tabbata a hadisi cewa an kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, gasasshen naman wata dabbar hamada mai kama da damo, ya janye hannunsa. Halidu ɗan Walidu ya tambaya ko haram ce, aka shaida masa ba haram ba ce, rashin sabo ne, sai ya jawo ya ci a gabansa. Mai ci bai zargi mai bari ba, mai bari bai hana mai ci ba. Addinin nan kuma shi ya hana a azabtar da dabba, ko a ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta, ko a wasa wuƙa a kan idonta. Sabo da haka in bigan ya ce a ji tausayin kaza, a kan wannan gaɓa ba mu da ja da shi. Inda muka rabu shi ne batun haramci.

Mu ma fa ba mu daɗe da rungumar ƙwan kaza ba. Kakanninmu sun fi barin kaza ta kwanta ta ƙyanƙyashe, ƙwan zabi su ke ci da damina. Akwai ma camfin da ke cewa in yaro ya saba da cin ƙwai zai yi sata, wanda malaman asibiti suka sha wahala kafin su raba mutane da shi. Kajin gidan gona da teburin mai shayi su suka mai da ƙwai abincin kullum. Abin da a ke ƙyama jiya shi a ke rububi yau.

Yanzu ga abin da zai ba mai karatu mamaki. Da yawa daga cikin masu dariyar ƙwan wake sun sha madadin ƙwai tun suna goye. Kastad da a ke damawa da safe ko lokacin buɗa baki, asalinsa a Ingila da ƙwai da madara a ke yinsa. Wani mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, matarsa ba ta iya cin ƙwai, ga ta kuwa da son kastad. A 1837 sai ya haɗa mata wani da garin masara, ba ƙwai a ciki. Baƙi suka ɗanɗana suka yaba, ya mai da shi sana'a. Irin wannan garin ne ya game duniya har ya iso kantunanmu, ba wanda ya ce masa kastad ɗin ƙarya.

Haka kuma botar da mu ke shafa wa burodi, irin su Blue Band, ba man shanu ba ce. Wani masani Bafaranshe, Mège-Mouriès, ya ƙago ta a 1869, bayan Sarki Napoleon na Uku ya sa lada ga wanda ya samo madadin man shanu mai araha don soja da talakawa. Da kitsen shanu aka fara, daga baya aka koma man tsirrai. Masu shanu a Amurka suka yi mata ca, aka ɗora mata haraji a 1886, waɗansu jihohi suka ce sai an rina ta ruwan hoda don kowa ya ƙyamace ta, jihar Wisconsin kuwa ba ta yarda a sayar da mai launin rawaya ba sai 1967. Wannan bota tana da alaƙa da mu ƙwarai. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe, kuma neman mai don yin wannan bota da sabulu a Turai yana cikin manyan dalilan da suka sa aka yi dalar gyaɗa a Kano. Ashe da kuɗin madadin man shanu kakanninmu da yawa suka biya haraji suka yi aure.

Babban mai sayen gyaɗar nan shi ne kamfanin UAC, wanda a lokacin ya ke ƙarƙashin Unilever, shi kuwa Unilever ya samu ne daga haɗuwar kamfanin sabulu na Ingila da kamfanin bota na Holan, wadda aka ƙulla a 1929. To, dubi yadda duniya ke juyawa. Kafin ƙwan kwalba, kamfanin Tetrick ya fara fito da mayonis marar ƙwai a 2013, ya sa masa suna Just Mayo, da hoton ƙwai a jikin kwalbar. A 2014 sai Unilever, wanda a lokacin shi ke da mayonis na Hellmann's, ya kai ƙara kotu, ya ce dokar Amurka ta ce ba a kiran abu mayonis sai da ƙwai a ciki. Watau wanda ya yi arziki da madadin man shanu shi ne ya kai ƙarar mai madadin ƙwai. Jama'a suka yi ta surutu, kafin shekara ta ƙare ya janye ƙarar. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta shiga maganar a 2015, aka daidaita a kan su riƙe sunansu, amma su rubuta ɓaro ɓaro cewa babu ƙwai a ciki. A 2016 Unilever da kansa ya fito da nasa marar ƙwai.

Ko da ya ke kishin kasuwa ne ya ta da wannan ƙara, akwai gaskiya a cikinta, kuma ita ce zuciyar maganata. Aikin akawu ya koya mini cewa littafi ba ya lalacewa sai ran da aka fara rubuta abu da sunan da ba nasa ba. Haka kasuwa ta ke. Akwai madadi, akwai algus, tsakaninsu kuwa suna ne kaɗai. Mai nonon da ta ce, ga nono, ga kuma wanda na haɗa da garin kuka, zaɓi wanda ka ke so, ta yi ciniki na halal. Wadda ta haɗa ta yi shiru ta karɓi kuɗin kindirmo, ta yi algus. Narkakken sukari ba laifi ba ne, sai an zuba shi a kwalba an ce zuma ce. Kowa ya san labarin yarinyar nan ta zamanin Sayyadina Umaru da ta ƙi zuba ruwa a madara cikin dare, ko da ya ke babu mai ganinta sai Allah. Ƙwan wake da ya faɗi sunansa ba shi da laifi. Laifin yana ga wanda ya ɓoye.

Babu abin da ya nuna mini wannan kamar awara. Mutanen Sin sun san ta ɗaruruwan shekaru, amma a ƙasarmu ba ta yaɗu ba sai bayan da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da ma'aikatan gona suka dage wajen koya wa mata sarrafa waken suya daga shekarun 1980. Na tuna lokacin da ta fara shigowa unguwarmu ina ɗan makaranta. Yara mata suka fara kawo ta bakin makaranta a faranti, da yaji a gefe. Manya suka riƙa kallonta a wulaƙance, suna cewa cukun ƙarya ne, don ta yi kama da wara, watau cukun nonon shanu. Waɗansu kuma suka raɗa mata ƙwai da ƙwai, don laushinta da kamanninta in an soya. Masu yin ta ba su yi gardama da kowa ba, ba su kuwa taɓa cewa nono ne ko ƙwai ba. Su jiƙa wake, su kai niƙa, su tace, su tafasa, su zuba ruwan tsami ya dunƙule, su matse, su yanka, su soya, kowa yana gani. Yau ina garin da babu mai awara? Mata nawa ne ke biya wa 'ya'yansu kuɗin makaranta da ita? Har ta kai ana tsoma ta cikin ruwan ƙwai a soya, madadi da asali sun zauna a kasko ɗaya. Ta sami karɓuwa ne don araha, da daɗi, da riƙe ciki, da kuma tsayawa a kan sunanta.

Sabo da haka in aka kawo maka wani sabon abinci aka ce madadin wani ne, shawarata ka yi masa tambaya uku. Yanzu da Allah ya sa ka iya karatu, ba sai ka jira wani ya gaya maka ba.

Ta farko, ya faɗi gaskiyar abin da ke cikinsa? Juya kwalin ka karanta. In hoton kaza ne babba a gaba, bayanin kuwa an maƙale shi da ƙananan baƙaƙe a baya, yi hattara.

Ta biyu, me zai ba jiki? Nan ne masu ɗoki ke tuntuɓe, gama kama da wane ba ta wane. Ƙwai babba guda ɗaya yana da furotin wajen giram 6, da bitamin iri iri, cikinsu har da B12. Shi B12 a nama da kifi da nono da ƙwai a ke samunsa, wake da hatsi ba su ba da shi, rashinsa kuwa ya kan kawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi. Ƙungiyar bigan da kanta tana gargaɗin mutanenta su sha ƙwayarsa ko su ci abincin da aka ƙara masa shi. Awara da ƙosai da alale suna gina jiki sosai, balle in an haɗa su da hatsi, kamar ƙosai da koko. Amma kastad garin masara ne da launi da ƙamshi. Uwar da ta ga ya yi rawaya ta zaci ya maye wa ɗanta gurbin ƙwai, ta bar yaron da yunwar da ba a gani sai ta yi nisa. Yaron da aka yaye, da mace mai ciki, da mai shayarwa, in akwai halin ba su ƙwai, a ba su, sai fa wanda jikinsa ba ya karɓa.

Ta uku, nawa ne? Ƙwan kwalba yawanci ya fi na kaza tsada ko a ƙasar da a ke yinsa, in ba lokacin annobar kaji ba. Magidancin da ya bar waken suya na gonar maƙwabcinsa ya sayi na kwali don a ce ya waye, ya yi asara biyu, ta aljihu da ta hankali.

In abinci ya amsa tambayoyin nan uku, ci ko bari ya rage naka. In kuwa Allah ya haɗa ka da baƙon da ba ya cin nama ko ƙwai, ko likita ne daga Indiya, ko ɗan'uwanka da ciwo ya hana shi, kada ka tsare shi da tambaya ko ba'a, kada kuma ka ɓoye masa ƙwai a cikin abinci don ka gwada shi, wannan cin amana ne. Sa a dafa masa wake da shinkafa da mai da yaji, ko ɗanwake, ko kwaɗon zogale da ƙuli, ka ga ya ci ya yi godiya. Gidan Bahaushe bai taɓa rasa irin wannan abinci ba.

Allah ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci, ya tsare mu daga algus, na saye da na sayarwa. Amin.